Daga Gonar Taba Zuwa Ma'adanar Bayanai

Manoman taba na ƙasar Holan sun daɗe suna kuka da wata cuta mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, ya kanannaɗe, ya rasa daraja a kasuwa, kafin Adolf Mayer ya tabbatar a shekarar 1886 cewa ruwan ganye mai cuta, in ya shiga jikin lafiyayye, yakan harbe shi. A 1892 Dmitri Ivanovsky, mutumin Rasha, ya tace ruwan da matacin tangaran mai tare bakteriya, amma cutar ta ratsa. A 1898 kuma Martinus Beijerinck ya yanke hukuncin cewa wannan wani jinsi ne dabam, wato bairas.

Bayan Wendell Stanley ya fitar da shi daskararre a 1935, sai Rosalind Franklin ta Ingila, da tsananin haƙuri da tahƙiƙi, ta bayyana siffarsa a tsakiyar shekarun 1950: sanda ce mai rami a ciki, tsawonta nanomita 300, kaurinta 18, furotin fiye da 2,000 sun yi mata sutura, zaren gado da ake kira RNA kuwa yana naɗe a cikinsu.

Wannan daidaiton awo, wanda maƙeri ba ya iya kwaikwaya, shi ne ya ja hankalin Yang Yang da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles, waɗanda a 2006 suka liƙa ƙurar filatinam a jikin sandar, suka gauraya ta da roba, suka shimfiɗa tsakanin falle biyu na alminiyam. Muddin ƙarfin lantarki bai kai wani haddi ba, na'urar takan hana shi wucewa sai kaɗan. Da zarar ya kai, sai ta buɗe hanya, ta kuma zauna a haka har a juya mata akalar wutar. Sun danganta al'amarin ga cajin da ke tashi daga zaren gado ya maƙale a ƙurar ƙarfen, kuma halayen nan biyu su ne sifiri da ɗaya da kwamfuta ke haddace bayanai da su.

Har yau silikon ke riƙe da kasuwar ma'adanar bayanai. Amma duk mai raina ilmin da ba a ga amfaninsa nan take ba, ya tuna cewa shekara 120 ce tsakanin Mayer da wannan na'ura.