Ɗaukaka Ƙara Kan Tsananin Hukunci Bayan Amsa Laifi a Ƙasar Kano

A zamanin En'e, mutumin Yola ta ƙasar Karaye da Rogo da alƙali ya ɗaure bayan ya yi iƙirari da bakinsa yana iya kai kukansa gaba har majalisar Sarkin Kano, amma da wuya a sake duba maganar, domin a fiƙihun Malikiyya iƙirari shi ne mafi ƙarfin hujja. Sauyi ya zo da dokar Final Kod da dokar tsarin shari'ar laifuka, waɗanda suka fara aiki a Jihar Arewa a 1960 bisa shawarar kwamitin masana na 1958 ƙarƙashin Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, domin sun ƙayyade iyakar ɗaurin kowane laifi a rubuce, abin da ya ba kotun sama ma'aunin da za ta auna hukuncin na ƙasa da shi. Daga baya aka soke kotunan sarakuna, aka kafa kotunan yanki a 1968, sannan Kano ta mayar da su kotunan shari'ar Musulunci a 2000.

Ƙa'idar da ma'aikatan shari'a suka gada ita ce, wanda ya amsa laifi ya rufe wa kansa ƙofar musun aikatawa, sai dai in ya nuna ba a fassara masa tuhumar ba ko an tilasta shi, amma ƙofar jayayya kan yawan shekarun tana nan a buɗe. Kotun sama ba ta rage ɗauri don kawai da ita ce da ta yanke ƙasa da haka; sai ta ga alƙali ya wuce iyakar doka, ko ya yi biris da abin da ya wajaba ya duba, kamar rashin tarihin laifi, da zaman jiran shari'a, da roƙon sassauci, wato damar da ake ba mai laifi ya yi magana kafin a yanke hukunci. Shari'ar Mubarak Bala ce fitaccen misali: ya amsa tuhumar da ta shafi rubuce-rubucensa a Facebook, Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a Afrilun 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage su zuwa 5 a Mayun 2024, ba tare da ta wanke shi ba.

Sai dai wannan shari'a ta samu lauyoyi da idon duniya. Abin da aka fi gani a ƙananan kotuna shi ne matashi da aka kama da akuya ko buhun masara, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta takardar tuhuma, ya ce "na aikata" da fatan a sallame shi da tara, magatakarda ya rubuta layi biyu, a wuce da shi gidan yari. Waɗannan layuka biyu su ne duk abin da kotun sama za ta karanta, kuma in ba a rubuta roƙonsa ba, a wurinta bai yi ba. Ga wa'adin kwana 30 na shigar da ƙara, ga kuɗin buga kwafin shari'a, ga tafiya birni, har mai ɗaurin wata shida kan fito kafin a sa ranar zama. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin irin waɗannan mutane, an fi buƙatar lauyanta a zaman farko, kafin wanda ake tuhuma ya buɗe baki.