Jirgin Talune: Yadda Mura Ta Raba Samoa Biyu a 1918

Ina jin babu wanda ya manta da kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe iyakoki, aka tsayar da jirage, aka hana ɗan'uwa ziyartar ɗan'uwa. Da yawanmu mun yi ta tambaya: anya wannan kullen yana da amfani kuwa? To yau za mu koma shekarar 1918, can tsakiyar tekun Fasifik, inda aka taɓa ganin amsar ƙiri-ƙiri.

Samoa tarin tsibirai ne, mutanensu yare ɗaya, dangi ɗaya. A 1899 Turawa suka raba su biyu, kamar dai yadda aka yi wa Katsina da Maraɗi: yamma ta Jamus, gabas ta Amurka. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojojin New Zealand suka ƙwace yammar, aka naɗa Kanar Robert Logan ya riƙe ta. A gabas kuwa gwamna wani hafsan sojan ruwan Amurka ne, John Martin Poyer. Tsakanin manyan garuruwan biyu, Apia da Pago Pago, bai kai kilomita 150 ba.

Ranar 7 ga Nuwamba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Talune ya iso Apia daga Auckland. A lokacin annobar mura tana kashe miliyoyin mutane a duniya, kuma akwai marasa lafiya a cikin jirgin. Kafin ya iso ma sai da aka killace shi a Fiji. Amma a Apia aka bar fasinjoji suka sauka, kowa ya nufi ƙauyensu.

Cikin 'yan makonni gari ya rikice. Gida guda sai kowa ya kwanta, babu mai ɗebo ruwa, babu mai dafa abinci. Aka riƙa kwasar gawarwaki a mota ana zubawa a manyan ramuka. Kafin wata biyu mutum kusan 8,500 sun mutu, wato fiye da ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. Ku ɗan tsaya ku lissafa da unguwarku. Sarakuna da dattawa masu riƙe da tarihin gidaje suka tafi kusan lokaci guda.

To me ya faru a gabas? Poyer bai jira umarni daga Washington ba. Da ya ji labarin cutar, sai ya sa dokar killace duk jirgin da ya zo. Abin da ya fi wuya shi ne ƙananan kwale-kwalen da ke tsallakowa daga yamma, don waɗanda ke ciki 'yan'uwa ne masu gudun mutuwa. Sai sarakunan gargajiya suka ba shi haɗin kai, mutanen gari da kansu suka yi sintiri a bakin teku suna hana sauka. Ka ga ɗan'uwanka ka ce ya juya, ai ba ƙaramin abu ba ne. Amma ko mutum ɗaya murar ba ta kashe ba a Samoa ta Amurka.

Abin takaicin, Poyer ya yi tayin tura ma'aikatan lafiya Apia. Logan, wanda ke jin haushin killacewar, ya yi biris da tayin, har ya sa aka katse sadarwar rediyo da Pago Pago. Sai a Disamba wani jirgin Ostareliya ya kawo likitoci, bayan an riga an yi asara.

Mutanen Samoa ba su manta ba. Kwamitin bincike na 1919 ya tabbatar Talune ne ya kawo cutar, kuma wannan ciwo yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙungiyar Mau mai neman 'yanci. Sun samu 'yancin a 1962, sannan a 2002 Firaministar New Zealand, Helen Clark, ta je Apia ta nemi gafara. Da korona ta zo, Samoa ta rufe iyakarta tun Maris 2020, ba ta buɗe sosai ba sai Agusta 2022.

Sai dai a yi adalci: tsibiri yana da sauƙin tsarewa, ba kamar iyakar Jibiya ko Illela ba, mai hanyoyin daji barkatai. Kuma dokar Poyer ta yi aiki ne don an sa ta da wuri, jama'a kuma sun yarda sun tsare ta da kansu.

Ku fa? Da kuna cikin masu sintirin nan, kuka hango kawunku a kwale-kwale, za ku iya cewa ya koma? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.