Yadda Labarin Aznan Lugu Ya Hau Allon Sinima

A 2020 fim ɗin Parasite na Bong Joon-ho, ɗan Koriya ta Kudu, ya ci kyautar Oska, aka yi ta mamakin yadda ya sa mutane dariya da labarin iyalin da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna dabarar shiga gidan attajiri. Amma zambo ga manya ba baƙon abu ba ne a sinimar Nijar. Tun 1966 Mustafa Alasan ya zana shugaban ƙasa a siffar kwaɗo cikin Bon Voyage Sim, a 1972 kuma Umaru Ganda ya ɗauko kyautar Yennenga ta farko a Wagadugu da Le Wazzou polygame, inda ya tona asirin alhajin da ke sayen aure da dukiya.

Mu a Arewa ta ƙasar Dogon Dutsi, namu zambon ya biyo ta wata hanya. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransawa ta Vule da Shanwan ta afka wa Lugu, ƙauyen Azna na ƙasar Dogon Dutsi. Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Maharba suka yi ta sakin kibau, da harsashi ya fi ƙarfinsu suka shige kurmi, Nasara suka cinna wa gari wuta. Takardun Faransawa ba su ba Sarauniya wani wuri ba. Bakin tsofaffi ne ya riƙe ta, tare da labarin dutsen Tunguma mai yanke shari'a.

Abdullahi Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira, shi ya mai da labarin littafi a 1980. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, ya ci kyautar Yennenga a 1987. Abin da ya fi kama ni a fim ɗin, bai tsaya ga hafsoshin Faransa ba, ko da yake ya nuna su cikin girman kai mai ban dariya da ban tsoro, suna ƙona gari suna kiran abin wayewa. Ya juya kan sarakunan maƙwabta, suna zaune a fada suna ta shawara, sun gwammace baƙo mai bindiga da mace ba'azniya. Waɗanda aka raina su ne suka tsaya.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai. Shirin ɗaukar fim ɗin a Nijar ya wargaje, aka koma Burkina Faso ta zamanin Sankara. Ai Keita ce ta fito a matsayin Sarauniya, ta kuwa yi ƙoƙari ƙwarai, amma mafi yawan maganar fim ɗin da Julanci da Faransanci aka yi ta. Tsohuwar Lugu da ta gaji labarin daga kakanninta, in aka kunna mata fim ɗin yau, sai an nemo mata tafinta.