Kububuwa Ba Ta San Bindiga Ba

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya shafe sama da shekara hamsin yana noma a Kekun Waje, kuma yana da bindigar toka rataye a bangon ɗakinsa. Ban taɓa jin ya sauko da ita saboda maciji ba. Da na tambaye shi dalili ina yaro, sai ya yi dariya ya ce: "Kai ja'iri, kafin ka ɗura albarushi ai ta riga ta sare ka, ko ta yi tafiyarta."

Sai da na girma na gane tarihi ya gaya mini, ba raha ba. Ko a labarin Bayajida, da takobi aka fille kan macijin rijiyar Kusugu a Daura. Manoman ƙasar Zamfara kuwa sanda da fartanya suka sani, in abu ya gagara a kira gardi. Bindiga kayan maharba ce, ta gada da gwanki, kuma tun dokar makamai ta 1959 riƙe ta sai da lasisi.

Hikimar tana cikin halin macijin kansa. Wanda ya fi kashe manoma a Arewa ba mesa ba ce, ba ma gamsheƙa mai fasa kai ba. Kububuwa ce, wadda ba ta cika wuce kamu ɗaya da rabi ba, launinta na ƙasa, tana lafewa ƙarƙashin kara da tarin ciyawa lokacin shuka da girbi. Yawanci sai ta yi sara ake ganinta. To, wa za a harba? Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da fitsari kwana da kwanaki. Shi ya sa wasu ke mata kirari da gobe-da-nisa. A shekarun 1970, likita David Warrell da abokan aikinsa sun yi nazarin saranta a Zariya, daga irin aikinsu aka samu gwaji mai sauƙi: a zuba jinin majinyaci a kwalba mai tsabta, in minti 20 ya wuce bai daskare ba, dafi ya shiga jiki. Daga baya asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya zama matattarar gwajin allurar EchiTAb. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Makaman da suka ceci rayuka ke nan: allura, takalmin roba mai tsawo, tocila, da saurin isa asibiti.

Bindiga dai ta cika ƙasarmu, amma ba don maciji ba. Tun wajajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, har a watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta shawarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kai. Ba ni da bakin zargin wanda ya saya; na san abin da tsoro ke sa mutum.

Sai dai na ga inda hanyoyin biyu suka haɗu. Wata kaka, kububuwa ta sari ɗan baffana a ƙafa bayan magariba yana kwasar kara. Akwai bindigogi a unguwar, akwai babura, amma babu mai ƙarfin halin bin hanyar Gusau cikin dare. Muka kwana muna share masa jini a baki, inna tana ta salati. Da gari ya waye aka kai shi, aka yi masa allura kwalba biyu da kuɗin buhunan masara. Ya rayu, amma har yau yana ɗingishi. Macijiyar kuwa, ƙaninsa ne ya kashe ta tun a daren, da ƙotar fartanya.