Yawan Masu Saran Rake: Saɓanin Manomi da Ɗan Jinga a Fadamun Jega, Aliero da Maiyama

Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa taƙaddamar da ake yi kan yawan ma'aikatan da za su shiga gonar rake ta samo asali ne daga tsarin biyan kuɗi, kuma daga nan ya kamata gyara ya fara.

Tun da ƙwadago da jinga suka maye gurbin gayya, buƙatun ɓangarorin biyu suka rabu. Manomi ya fi son mutane kaɗan da zai iya sa wa ido, domin zaƙin rake ya fi taruwa a gaɓoɓin ƙasa, kuma saran da aka yi daf da ƙasa shi ke ba tushe damar sake toho mai kyau. Ɗan jinga kuwa da yawan dami ake biyansa, don haka ribarsa tana cikin tara jama'a su cika mota, ya wuce gona ta gaba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma a gonar rake gaggawa tana barin dogon kututture, asarar kuma ta faɗa kan mai gona.

Duk da haka, ɗan jinga yana da hujja. Raken da aka sare yana fara rasa zaƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ma'aikata kaɗan kuma sukan bar dami yana bushewa kafin lodi ya cika. Ga kuma ƙarancin hannu a lokacin rani: albasar Aliero tana jan ma'aikata, haka ma shinkafa, musamman bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi cikin 2015. Wanda ya sami mutane yau ba shi da tabbacin samunsu gobe.

A Kwinsland ta Ostireliya masana'antar sukari ce ke tsara yawan raken da kowane rukunin manoma zai kai kullum. A Kebbi kuwa babu wannan tsari, sai kasuwar Jega, masu mazarƙwaila da direbobin mota.

Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne abin da mai saye zai kwashe a ranar. Idan manoman da ke maƙwabtaka suka haɗa jinga ɗaya, suka tsara kwanakin sara, kuma aka ware wani kaso na ladan sai an duba tsabtar saran, ɗan jinga zai sami aiki mai ɗorewa, manomi kuma ya tsira da tushensa.