Rabon Nono a Rugagen Garwa

Fulanin da suka zauna a Garwa, gaɓar kogin Binuwai, sun daɗe da sanin cewa saniya mai tozo ba ta sakin nono sai ɗan maraƙinta ya fara tsotsa. Saboda haka maruƙa ke kwana a dangwali. Da safe a saki ɗan ya taso nonon, a janye shi, a tatsa, a bar masa saura. Yaye ba shi da ƙayyadaddiyar rana, sau da yawa uwar ce ke ture ɗan idan ta sake ɗaukar ciki.

Wannan saura ba ƙaramin abu ba ne. Wajen 1891 ciwon bushiya ya share garkunan Adamawa, kuma daga 'yan maruƙan da suka tsira aka sake tara dukiya. Cutar ta dawo a 1983, shekarar da aka kafa LANAVET kusa da Garwa domin sarrafa allurar rigakafin dabbobi.