Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya

Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda aka fi sani da Zaria Art Society, ƙungiya ce ta ɗaliban zane-zane da aka kafa a shekarar 1958 a Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga baya an yi wa mambobinta laƙabi da "'Yan Tawayen Zariya".

Tarihi

A lokacin, yawancin malaman sashen zane Turawan Ingila ne, kuma suna koyarwa bisa tsarin makarantun Turai, ba tare da ba fasahar gargajiyar Afirka wani muhimmanci ba. Ɗaliban sun ƙi yarda da hakan, musamman ganin ƙasar na dab da samun 'yancin kai. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke da Oseloka Osadebe. An rushe ƙungiyar a 1961, shekarar da da dama daga cikinsu suka kammala karatu.

Manufa

A 1960 Uche Okeke ya bayyana aƙidar ƙungiyar da sunan Natural Synthesis. Ma'anarta ita ce mai zane ya riƙe dabarun da ya koya daga Turai, amma ya haɗa su da fasahar al'ummarsa. Shi kansa ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, Onobrakpeya kuma ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo.

Zane da sukar mulki

Fitaccen aikin da ya fito daga wannan zamani shi ne "Nigeria in 1959" na Demas Nwoko. Ya nuna jami'an mulkin mallaka a zaune, fuskokinsu a murtuke, 'yan Afirka masu yi musu hidima kuwa na tsaye a bayansu cikin duhu. Amfani da zane wajen tona asirin masu iko yana da tarihi a Turai ma: bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Otto Dix da George Grosz sun zana nakasassun sojoji da attajirai masu haɗama a Jamus, har gwamnatin Nazi ta baje ayyukansu a Munich a 1937 domin a yi musu ba'a.

Tasiri

Okeke ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka bayan yaƙin basasa, Grillo kuma ya daɗe yana koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Yaba. Nwoko ya shahara a fannin tsara gine-gine, kuma a 2023 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare a baje kolin gine-gine na Venice.